Daren Alhamis Ba Ya Jira: Yadda Nake Haɗa Rubutun Mako-Mako a Makka

Duk daren Alhamis, ƙarfe goma agogon Makka, nake sakin rubutu guda ga masu karatun Hausa, kalmomi 800 zuwa 900, a kan zaman ƙasar Saudiyya da hidimar masu zuwa ibada. Masu sha'awar fara irin wannan aiki abu biyu suke tambayata: ina kake samun lokaci, kuma ina kake samo abin faɗa kowane mako? Suna zaton na farko sa'a ce, na biyu kuma baiwa. Abin da na gani shi ne dukansu biyu tanadi ne, kuma ana iya lissafa su kamar yadda ake lissafa kuɗin haya.

Rubutu guda yana cin kusan awa bakwai. A cikin bakwai ɗin nan, zama a zuba kalmomi bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Sauran duk yana tafiya ne wajen zuwa a gani da ido, da tambayar wanda ya sani, da gyara. Wanda bai san haka ba shi ne yake ware awa biyu ranar hutu, ya ga ba su isa ba, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da basira.

Awa bakwai a dunƙule ba ta samuwa ga ma'aikaci a nan. Dokar ƙwadago ta ƙasar ta ce awa takwas a yini, 48 a mako. Tun 2013 hutun mako ya koma Juma'a da Asabar, amma yawancinmu da ke aiki a shago ko otal ko ɗaukar fasinja kwana ɗaya muke samu. Saboda haka ba a neman dogon lokaci, ana neman gurbin da ba ya motsi ne. A wannan gari akwai guda ɗaya mai kyau ƙwarai. Kalandar Ummul Ƙura, wadda ake bi wajen lokutan salla, ta sanya kiran Isha'i minti 90 cif bayan kiran Magariba, rani da sanyi, in ban da watan Ramadan da ake mayar da shi awa biyu. In ka cire salla da nafila da takawa zuwa gida, ka kuma ware minti goma na alwala da komawa masallaci, abin da zai rage maka minti 45 ne zuwa 50. Wannan gurbin shi ne jarina. Ba na cin abinci a cikinsa, ba na amsa waya, kuma mutanen gida sun san haka.

Da yawa suna ba da shawarar bayan Asuba, kuma gaskiya kai ya fi zama wasai a lokacin. Matsalarsa yawo yake yi. A watan Yuni ana kiran Asuba a Makka wajen ƙarfe huɗu da minti goma, a Janairu kuwa sai kusan shida saura minti ashirin. Lokacin zafi mutum ya kwanta sha biyu ya tashi huɗu, in ya ce zai zauna rubutu, barci ne zai ci shi, ko kuma ya je wurin aiki yana layi. Ni a watannin sanyi kawai nake amfani da shi, shi ma don gyara.

Makon rubutu daga Juma'a yake farawa. Bayan La'asar, rana ta yi sanyi, nakan ba da awa biyu in je wurin da zan yi magana a kansa. Asabar tsakanin Magariba da Isha'i in tsara abin da zan faɗa a layi biyar ko shida. Lahadi in kira waɗanda zan tambaya. Litinin da Talata zubin farko. Laraba gyara, bayan rubutun ya kwana ya yini ban kalle shi ba. Alhamis karatu da murya, sannan saki. Ƙarfe goman dare kuwa ba haka kawai na zaɓe shi ba: Makka tana gaban Kano da Damagaram da awa biyu, tana gaban Khartum da awa ɗaya, tana gaban Kumasi da uku. Goma a nan takwas ce a gida, an idar da Isha'i, an ci tuwo, waya tana hannu.

Sai maganar abin faɗa, wadda ta fi damun mutane. Ilhama gaskiya ce, tana zuwa, amma ba ta san ranar Litinin ba. Tana zuwa ne kana tsaye a layin burodi, ko kana cikin motar Jidda, kuma in ba ka kama ta a minti biyar ba ta tafi. Don haka akwai ƙaramin littafi a aljihun gaban rigata, wanda bai fi tafin hannu ba. Na fi son takarda a kan waya, domin in ka ciro waya a majalisa sai mai magana ya tsargu ya canza zance, kuma kai ma saƙonni za su janye ka. Kowane abu da na rubuta a ciki sai ya ƙunshi uku: abin da na ji ko na gani da kalmomin da aka faɗa, inda aka yi, da tambayar da ta taso mini. Na ukun shi ne ran abin. Layin da ba shi da tambaya, bayan mako biyu in ka buɗe ba za ka tuna dalilin rubuta shi ba. A cikin layi goma, uku ne ke zama rubutu. Ke nan mai son fitar da guda a mako yana bukatar ya ajiye aƙalla uku ko huɗu kowane mako, kuma ba ya fara saki sai littafin ya tara kamar ashirin.

Mafi albarkar layukan nan tambayoyin baƙi ne. Ga misalin guda, daga aljihu har zuwa saki. Wani dattijo da haraminsa a leda ya tsayar da ni a Misfala ya ce, "Ɗana, don Allah ina ake shiga motar Masallacin A'isha, kuma nawa ne?" Na ce, "Baba Alhaji, zo in raka ka bakin titi." Abin da ya shiga littafi shi ne maganarsa, da sunan unguwa, da tambaya: in mutum bai iya Larabci ba, ta yaya zai je Tan'im, inda masallacin yake, ya dawo ba tare da an cuce shi ba? Juma'a na je da kaina. Wurin yana arewa da Harami kamar kilomita bakwai, a kan hanyar Madina. Na tambayi direbobi uku kuɗin zuwa da jira da dawowa, na samu farashi uku daban-daban, na rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girma tare da ranar da na tambaya. Na duba inda ake wanka, da ɓangaren mata, da inda motoci ke tsayuwa, na auna mintocin tafiya. Asalin sunan kuwa sananne ne: a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya umarci Abdurrahman ɗan Abubakar ya kai 'yar'uwarsa Nana A'isha can ta ɗauko haramin Umara, kuma hadisin yana cikin Bukhari da Muslim.

Ranar Asabar da na zo tsarawa sai na ga abin ya rabu biyu. Akwai hanya da kuɗin mota, wanda na gani da idona. Akwai kuma hukuncin maimaita Umara a tafiya guda, wanda ba fagena ba ne. Yawancin masu karatuna a gida 'yan Malikiyya ne, kuma a mazhabar an karhanta yin Umara fiye da sau ɗaya a shekara, alhali wasu mazhabobin sun halatta. In na cusa wannan a sakin layi guda, zan yi wa ilimi ƙwauro, kuma a bar maganar hanya a koma musu. Sai na raba su. Na farko ya fita a makon. Na biyu ya jira mako uku, har sai da na zauna da malami, na rubuta, na mayar masa ya ji da kunnensa kafin in saki. Duk rubutun da ya taɓa hukuncin addini ina ninka masa lokaci, kuma aya ko hadisi ba na rubuta su da ka, sai na buɗe na duba sura da lamba. Tambayar dattijo guda ta ba ni makonni biyu, har da ragowar na uku, domin Ji'irana da Hudaibiyya su ma wuraren ɗaukar harami ne da baƙi ba su cika sani ba.

Wannan rabawar ita ce maganin kuskuren da ya fi kashe sababbin marubuta, wato ɗaukar batu mai faɗi. "Rayuwar Hausawa a Saudiyya" ba batu ba ne, littafi ne. Wanda ya ɗauke shi zai zuba duk abin da ya sani a mako na farko, mako na biyu ya tarar rumbu wayam. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in ba zan iya faɗa wa abokin aikina abin da rubutun ya ƙunsa a jimla ɗaya ba, to ba guda ba ne, sai in sa wuƙa.

Zubin farko ba na tsayawa gyara. Inda na rasa adadi ko suna sai in sa ɗigo uku in wuce, domin in ka fita neman abu guda a waya, gurbin minti 45 ya ƙare ke nan. Ba na buɗewa da doguwar sallama da godiya. Layin farko shi ne abin da mai karatu ya zo nema.

Gyara ne ke da aiki, kuma a nan zama a ƙasar Larabawa yake da nasa tarkon. Hausar da muke yi a Makka da Jidda ta sha Larabci har ba ma ji. Muna cewa sayyara, bagala, mustashfa, shugul, igama, kafil, kamar da su aka haife mu. Mai karatu a Gusau ko Maraɗi bai san bagala kantin unguwa ba ce. In na rubuta Shara Mansur, wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka maganar shara ake yi, alhali titi ne, kuma unguwar da mutanenmu suka daɗe a cikinta. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina: kalmar da baƙo zai bukaci furtawa da bakinsa in ya zo, kamar igama, wato takardar izinin zama, ko sunan unguwa, ina barin ta in bayyana ta sau ɗaya, wadda kuma take da takwara a Hausa, kamar mota da asibiti, Hausar nake sawa. Karatu na farko ranar Laraba na farautar irin waɗannan ne kawai.

Karatu na biyu na haruffa ne. Gboard, allon rubutu na waya, yana da madannan Hausa masu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma sanya su bai kai minti biyu ba. Ba ado ba ne. Baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, fada ba faɗa ba ce, wanda ya bata ba shi ne wanda ya ɓata ba. A kashe abin nan da ke gyara kalma da kansa, in ba haka ba zai riƙa mayar da Hausa Turanci kana ji kana gani. Sai rabon kalma: "yana" da "suna" a haɗe, "shi ne" da "ita ce" a rabe, "a kan tebur" a rabe amma "akan yi" a haɗe. Kuma kada a cusa rubutun Larabci a tsakiyar layin boko, domin ɗaya dama yake bi ɗaya hagu, sai waƙafi da aya su yi tsalle su koma inda ba a sa su ba. In dole ne, a ba Larabcin layinsa shi kaɗai.

Lambobi suna da karatu na kansu, kuma nan ne kuskure ya fi ciwo, domin mutum zai iya ɗaukar kuɗi ko ya fita tashar jirgi bisa abin da ka rubuta. Alƙaluman da ke kan allo da rasit a nan na Larabci ne: biyar ɗinsu kamar sifirinmu take, shidansu kamar bakwai ɗinmu, sifirinsu kuwa ɗigo ne da ido kan tsallake. Mai kwafa da gajiya zai mayar da 65 wani abu daban. Ina kwafa sau ɗaya a wurin, in sake dubawa a hoton allon. Kwanan wata ma haka: ranar watan Musulunci a nan takan saɓa da ta Najeriya da kwana ɗaya, tunda can sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi ake jira. Don haka ina rubuta sunan rana, da kwanan watan Hijira, da na Miladiyya, duka uku. Farashi da dokokin shiga Makka da na izinin Rauda ta manhajar Nusuk suna canzawa, shi ya sa kowane adadi sai na manna masa ranar da na gan shi, saboda rubutu yana yawo a wayoyi shekara biyu bayan an yi shi, an ma yanke masa kai.

Akwai abin da ba ya shiga rubutu ko da ya fi komai daɗi. Maganar majalisa amana ce. A cikin mutanenmu akwai waɗanda takardunsu ba su cika ba, akwai masu rigima da kafil, wato ubangidan da ya tsaya musu a takardun zama, akwai matan da ke aikatau a gidaje. Sunan mutum, ko sunan garinsu haɗe da sana'arsa da unguwarsa, ya isa a gane shi. Ina cire biyu daga cikin ukun, in kuma labarin ba zai tsaya ba sai da su, ina barin sa gaba ɗaya. Hoto ma haka. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, da tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Allo da gini da hanya nake ɗauka, ba fuska ba. Rubutun da aka yi cikin fushi kuma ba ya fita a makonsa. Sai ya kwana bakwai, kuma galibi rabinsa ne ke tsira.

Ranar Alhamis ina karanta shi da murya daga farko har ƙarshe. Kalmomi 800 minti shida ne zuwa bakwai. Duk inda numfashi ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Duk inda harshe ya harɗe, ba haka Bahaushe ke faɗa ba. Karatun nan ina naɗar sa, domin da yawa daga 'ya'yanmu da aka haifa a nan suna jin Hausa tsaf amma Larabci suka karanta a makaranta, boko yana ba su wahala, haka ma tsofaffinmu da ajami suka sani. A kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kafin a fara, ko da za a yi gumi, don ƙararsa tana cinye murya. Wannan ƙarin minti goma sha biyar ne.

Duk wannan tsari yana rushewa sau biyu a shekara, kuma gara mutum ya sani tun da wuri. Shekarar Hijira kwana 354 ce, wato Alhamis 50 ko 51. A Ramadan doka ta rage aiki zuwa awa shida, amma garin ya juye, dare ya zama rana, gurbin Magariba ya tafi ga buɗa-baki da shirin Tarawihi, goman ƙarshe kuwa ko hanya ba ta biyuwa. Sai Hajji: daga tsakiyar Zulƙida har alhazai su gama jifa su fara watsewa, wanda ke aiki a Makka ba shi da kansa. In aka haɗa, mako takwas ne da ba na iya zama rubutu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonnin da ke biyo bayan tafiyar alhazai, lokacin da aiki ya lafa, ina yin biyu a mako maimakon ɗaya, in ajiye na biyun, har su kai takwas. Na ajiya dole ya zama wanda ba ya lalacewa: babu farashi, babu doka, babu labarin jiya.

Irin wannan a bakin tsofaffi ake samun sa, kuma su ne wurin da nake komawa duk sanda littafin aljihu ya bushe. Har yanzu akwai waɗanda iyayensu suka zo da ƙafa da jaki, ta Barno da Fort Lami (N'Djamena ta yanzu) da Abeshe, su ratsa Darfur ta Junaina da Fashir, su tsaya noma ko ƙwadago a Sudan shekara da shekaru suna tara guzuri, sannan su tsallaka teku daga Sawakin zuwa Jidda. Akwai masu dangi a Mai Wurno, garin da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa da mutanensa bayan yaƙin Burmi na 1903. Zama da irin waɗannan ba a yin sa da gaggawa. Ana zuwa da goro ko turare, a gaisa sosai, a nemi izinin naɗa, a sa wayar a gefe inda ba za ta tsone ido ba. Ba a cewa "Baba, ba ni tarihinku." Ana tambayar ƙaramin abu ne: me kuke ci a hanya, a ina aka haifi wane, wace sana'a mahaifinka ya fara yi da ya iso. Daga nan zance ke warwarewa. Amma a san kuɗinsa: awa ɗaya ta naɗi tana cin awa huɗu zuwa biyar kafin a mayar da ita rubutu, kuma shekarun da tsoho ya ambata sai an gwada su da wani abu sananne, kamar sarautar wani sarki ko shekarar wata yunwa. Awa ɗayar nan takan ba da rubutu uku.

Komai ina ajiye shi wuri biyu, a waya da kuma akwatin imel, kowane da lambarsa da ranar fitarsa, domin waya takan faɗi a cunkoson ɗawafi ko zafi ya kashe ta a cikin mota. Bayan saki ba na duba martani sai safiyar Juma'a. Wanda ya nuna kuskure na gaskiya ina gyarawa a ranar, in rubuta a ƙasa abin da aka gyara da kwanan wata, don wanda ya riga ya karanta na farko ya sani. Wanda ya yi tambaya kuwa, tambayarsa tana shiga littafin aljihu da sunan garin da ya rubuto, kuma in ta maimaitu daga gari biyu ko uku, ita ce wadda zan fita dubawa bayan La'asar.